Fom Na Goma a Layin Rodi

Ranar Litinin da safe Rumasa'u tana tsaye a bakin titi a Kubwa, tana jiran motar Dei-Dei, sai wayarta ta yi ƙara. Madam Elizabeth ce, shugabar rukuninsu.

"Kada ka je kasuwa yau. Ka zo ofis, ka taho da wayar aiki."

Madam Elizabeth 'yar Binuwai ce, a Nyanya ta koyi Hausa, kuma ba ta raba "kai" da "ke". Mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, kowa kuma ya saba. Abin da Rumasa'u ba ta saba ji ba shi ne Madam ta kira babu gaisuwa.

"Lafiya dai, Madam?"

"Ka zo dai tukuna."

Mako uku ke nan da fara aikin. Wani kamfanin bincike mai zaman kansa da ke Utako ne ya ɗauke su, su goma sha biyu, don su tattaro bayanai kan rayuwar 'yan dako a manyan kasuwannin Abuja: inda suke kwana, abin da suke ci, inda suke zuwa idan sun ji rauni. An ba kowa waya ɗaya, a cikinta akwai manhaja mai tambaya sittin da biyu. Za ka karanta wa mutum tambaya, ya amsa, ka danna. Wayar da kanta take ɗaukar lokacin da aka fara da lokacin da aka gama, da wurin da ake tsaye. Da yamma sai a tura komai ofis. Ana so kowa ya kawo fom goma a rana.

Rumasa'u shekararta ashirin da bakwai, ilimin ƙididdiga ta karanta, tana zaune a gidan yayarta a Kubwa. Wannan shi ne bincikenta na huɗu da kamfanin, kuma tun da aka fara ba ta taɓa kawo ƙasa da goma ba. An riga an gaya mata cewa idan an gama na kasuwanni, ita za ta shugabanci rukunin da zai je ƙauyukan Bwari.

A ofis ta tarar da Madam zaune kusa da Zacharias, mai tantance bayanan da ake turowa. Aikinsa ne ya zaɓi wasu daga cikin mutanen da aka tambaya, ya kira su ya ji ko da gaske an yi hira da su. Ya juyo mata da kwamfutarsa.

"Duba nan," in ji shi. "Laraba da Alhamis. Mutum goma sha huɗu, suna daban-daban, gari daban-daban, amma lambar waya ɗaya."

"E, na sani. Lambar shugaban 'yan dakon ce, Baba Uthman. Ita suka ba ni."

"Na kira lambar sau uku. Wani dattijo ya ɗauka. Na farko ya ce bai san da wani bincike ba. Na biyu na karanta masa sunaye biyar, ya ce bai taɓa jin ko ɗaya ba. Na uku ya ce in na sake kiransa zai haɗa ni da Allah."

Rumasa'u ta dubi Madam. A aikinsu akwai abin da ake kira cikon ƙarƙashin bishiya, wato ma'aikaci ya samu inuwa ya zauna, ya ƙirƙiro mutane, ya cika fom da kansa. Wanda aka kama korarsa ake yi, kuma labari yana zagayawa sauran kamfanoni.

"Madam, mutanen nan suna nan. Wallahi suna nan. A layin masu rodi suke."

"Ni ban ce babu su ba," in ji Madam. "Ban ce akwai su ba. Gobe ƙarfe takwas zan zo Dei-Dei, ka nuna mini su da idona. Ka bar wayar nan."

Ta ajiye wayar a kan tebur ta fito.

Da ta koma gida, yayarta ta ga fuskarta ta tambaye ta, ta ce ciwon kai ne. Ba batun lambar ne ya dame ta ba. Wannan ta san za a warware shi cikin minti goma. Abin da ya tsaya mata shi ne fom na goma na ranar Alhamis.

A ranar, ƙarfe huɗu da rabi ta yi tana da fom tara. Hadari ya haɗu ta gabas. Ta samu wani ɗan dako zaune a kan tarin rodi, da tsumma a naɗe a kafaɗarsa, rigarsa ta rine da tsatsa. Ya ce sunansa Maharazu, shekararsa talatin da biyar, daga Zamfara. Yana amsawa a natse, ba ya ja, ba ya ƙari. Suna kan tambaya ta hamsin da ɗaya sai tirelar rodi ta shigo layin. Baba Uthman ya buga kira, duk suka tashi. Maharazu ya ce mata, "Malama, ki yi haƙuri, ina zuwa," ya bi su.

Ta jira minti ashirin. Yayyafi ya fara. Ta koma ƙarƙashin rumfar wani mai fenti, tana hango su suna sauke rodi, mutum shida ga ɗauri ɗaya, kuma motar ko rabi ba a yi ba. Manhajar tana bari a ajiye fom rabi a dawo masa gobe, amma rabi ba ya shiga lissafin rana. Tambaya goma sha ɗaya suka rage, yawancinsu a kan karatu da lafiya. Ta riga ta ji amsoshin 'yan dako fiye da ɗari da hamsin, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Sai ta danna masa. Makarantar boko: bai shiga ba. Karatu da rubutu: bai iya ba. Inda yake zuwa in ba shi da lafiya: kemis. Ta gama, ta tura, ta ruga ta kama mota kafin ruwan ya kece. Tun daga ranar ba ta ƙara tunawa da shi ba sai yau.

Ta yi tunanin ta kira Madam ta faɗa. Ta ɗauki wayarta ta ajiye har sau biyu. Daga ƙarshe ta gaya wa kanta cewa abin da za a duba gobe shi ne ko mutanen suna nan, kuma suna nan.

Washegari an yi ruwa da asuba, kasuwar ta caɓe. Madam Elizabeth ta zo da takalmin roba da takarda a hannu, an buga sunayen goma sha huɗun a jere. Suka bi ta layin siminti, suka ratsa masu kwanon rufi, suna kauce wa baro da masu ɗauke da katako. A ƙarshen layin rodi akwai wata rumfar langa-langa mai benci biyu. A nan suka samu Baba Uthman yana shan koko a kofin silba.

Dattijo ne siriri, gemunsa fari, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Shekara talatin ya yi yana dako kafin ya koma raba aiki.

"A'a, 'yata, ke ce da sassafe? Ba ki gama da mu ba?"

"Ina kwana, Baba. Wannan ogata ce, Madam Elizabeth. Ta zo ganin mutanen da na tambaya."

Aka share musu benci. Madam ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, yaronmu ya kira ka daga ofis, ka ce ba ka san mutanen nan ba."

"To, ashe naku ne." Ya ajiye kofin. Ya ciro wata ƙaramar waya mai maɓalli daga aljihu, an ɗaure bayanta da roba. "Madam, ni murya na ji. Namiji, ban san shi ba, yana jero mini sunayen yarana ɗaya bayan ɗaya. Ke da ke ce, za ki ce kin san su? Bara wani ya kira haka, ya ce daga wata ƙungiya yake, ashe ɗan damfara ne. Wani lokacin kuma masu neman a tashe mu daga rumfar nan ne. Ni ƙa'idata, wanda ban ga fuskarsa ba, ban san kowa ba."

"Me ya sa duka suka ba da lambarka? Ba su da waya?"

"Wasu suna da ita, wasu babu. Mai ita ma yau tana nan gobe ta fashe. Rodi ba ya barin waya a aljihu. Wasu kuma sun bar tasu a gida wajen iyali. Wannan dai shekararta tara ba ta canza ba. In an yi haihuwa a Ɗanja, nan ake kira. In an yi rasuwa a Illela, nan ake kira. Ni nake zuwa in gaya wa mutum."

Madam ta rubuta wani abu a bayan takardarta. Sannan ta fara kiran sunaye, Baba Uthman yana aikawa a kira su. Cikin rabin awa mutum goma sha ɗaya suka tsaya a gaban rumfar. Biyu sun tafi gida shuka tun ranar Asabar, ɗaya ya bi mota Gwagwalada. Duk waɗanda suka zo sun gane Rumasa'u. Wani ma ya ce har yanzu yana jiran hular kyautar da ta ce ba za a raba ba, aka yi dariya.

Madam ta juyo ta dube ta, fuskarta ta saki. "To, mutanenka suna nan. Saura abu ɗaya, mu gama mu tafi. Zan sake tambayar mutum uku, tambaya biyar-biyar. Baba, ka faɗi lamba uku, daga ɗaya zuwa sha huɗu."

Baba Uthman ya ɗan yi tunani. "Uku. Takwas. Goma sha huɗu."

Rumasa'u ba ta buƙaci ganin takardar ba. An jera sunayen ne bisa lokacin hira, kuma ta san wanda ya zo ƙarshe.

Madam ta buɗe fom ɗin mutum na uku a wayar aiki, ta tambaye shi shekaru, gari, wurin kwana, karatu, da rauni na ƙarshe da ya ji. Duk suka dace. Na takwas ma haka, sai dai ya ƙara wa kansa shekara biyu, Madam ta ce wannan ba komai. Duk wannan lokacin Rumasa'u tana tsaye a gefe, hannunta cikin hijabi. Sau ɗaya ta buɗe baki, sai wata mota ta danna ham, ta rufe.

"Maharazu," in ji Madam.

Ya matso, da tsummansa a kafaɗa. Ya gaishe da Rumasa'u. "Malama, ranar nan na dawo ban same ki ba."

Madam ba ta kula da maganar ba, idonta na kan waya. "Shekararka nawa?"

"Talatin da biyar."

"Ina kake kwana?"

"Nan bayan rumfa, mu tara a ɗaki."

"Ka yi makarantar boko?"

"Na yi."

Madam ta ɗaga kai. "Ka yi? Har ina?"

"Kwalejin ilimi. Ina da takardar malanta."

Madam ta dubi wayar, ta dubi Rumasa'u, ta sake duban wayar. Maharazu ya lura.

"Me aka rubuta?" Ya goge hannunsa a jikin wando ya miƙa. "In gani, in ba damuwa."

Madam ta ba shi. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa kaɗan. Ya karanta tambayar da Turanci, a fili, bai yi tuntuɓe ba, ya karanta amsar. Ya ja ƙasa da babban yatsa ya karanta ta gaba. Sannan ya fassara wa sauran da Hausa.

"An ce ban shiga makaranta ba. An ce ban iya karatu da rubutu ba."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya. "Malam ɗin? Shi fa yake karanta mana takardar magani!"

"Shi yake duba takardar kaya in mota ta zo," in ji Baba Uthman. Shi bai yi dariya ba.

Maharazu ya juyo wajen Rumasa'u. "Malama, ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Yaushe na gaya miki haka?"

"Ba ka gaya mini ba." Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, sai ta gyara ta sake faɗa yadda Madam za ta ji. "Ba ka gaya mini ba. Da ka tafi sauke kaya, tambaya goma sha ɗaya suka rage. Ni na cika su."

Dariyar ta tsaya. Maharazu ya ci gaba da karanta sauran amsoshin shi kaɗai, har ƙarshe.

"Kemis ɗin kin dace," in ji shi. "Ciwon baya ma kin dace. Sauran duk ba haka ba ne." Ya miƙa wa Madam wayar. "Shekara bakwai ina koyar da lissafi a aji biyar da aji shida. 'Yan bindiga suka shiga garinmu sau biyu a damina ɗaya, aka rufe makarantar, aka ce mu jira. Na jira wata takwas. Na kai iyalina Gusau wajen surukina, na taho nan. Ba ɓoyewa nake ba. Da an tambaye ni da na faɗa."

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji Rumasa'u.

"Ni na tafi na bar ki, wannan gaskiya ne. Madam, ki sa wannan a lissafi, ta jira, na hango ta a rumfar mai fenti." Ya gyara tsummansa. "Amma da kin bar wurin babu komai, da ya fi mini. Takardar nan gaba za ta yi, wasu za su karanta, ni ba na wurin."

Wani mai shago ya leƙo yana neman mutum huɗu, Baba Uthman ya nuna su, har da Maharazu, suka tafi.

Madam ta yi wa Baba Uthman godiya, ta ce masa in Zacharias ya sake kira zai fara da faɗin sunan Rumasa'u da nata. Suka kamo hanyar fita. Da suka wuce layin siminti suka iso inda ta ajiye motarta, Madam ta juyo wajen Rumasa'u.

"Guda nawa ne haka?"

"Shi kaɗai ne, Madam."

"Jiya ka san da shi?"

"Na sani."

"Ka zauna a gabana a ofis, ba ka faɗa ba. Yau ka tsaya a gefena awa ɗaya, ba ka faɗa ba." Madam ta buɗe mota ta jefa takardar a kujera. "Da Baba ya ce sha uku, da yanzu ina ba ka haƙuri. Ka san wannan ne ya fi ba ni haushi?"

Madam ta shiga motar, ta leƙo ta taga.

"Zan rubuta yadda abin ya faru. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Ka je gida, za a kira ka."

Kwana huɗu ta yi a gida. A rana ta biyu ta gaya wa yayarta komai, tana tsinke alayyafo. Yayar ta ce, "Tambaya sha ɗaya kawai? A kan wannan za su kore ki?" Rumasa'u ta ce ba yawan ba ne. Ta yi ƙoƙarin bayyana mata, ta ga ba ta iya ba, ta bari.

A ofis kuwa Zacharias ya bi fom ɗinta ɗari da tamanin ɗaya bayan ɗaya. Wayar tana ajiye tsawon lokacin da kowace tambaya ta yi a buɗe, abin da ba a cika dubawa ba sai in an yi zargi. A fom ɗin Maharazu, tambaya goma sha ɗaya na ƙarshe sun ɗauki daƙiƙa hamsin, kuma wurin tsayuwa ya matsa da taku kamar arba'in. A sauran ɗari da saba'in da tara bai ga komai ba.

Ranar Asabar aka kira ta. Manajan binciken ya ce a ƙa'ida kora ce. Amma rahoton Madam ya nuna guda ɗaya ne, kuma ta amsa laifinta a gaban mutumin. Za a bar ta ta ƙarasa aikin, da takardar gargaɗi a fayil ɗinta. Shugabancin rukunin Bwari an ba Kubra, wadda suka fara aiki tare. An goge fom ɗin Maharazu gaba ɗaya, kuma ita za ta koma ta sake shi tun daga tambaya ta farko, in ya yarda.

Ranar Litinin ta koma layin rodi. Ta fi jin nauyin wannan tafiyar a kan ta ofis. Baba Uthman ya amsa gaisuwarta kamar kullum, ya ce ta zauna. Da Maharazu ya zo, ta gaya masa abin da aka yanke, ta ce yana da damar ya ƙi.

"Ba zan ƙi ba," in ji shi. "Amma in mota ta zo zan tashi."

"In ka tashi zan jira. In ba ka dawo ba zan zo gobe."

Haka kuwa aka yi. Ranar farko suka kai tambaya ta ashirin da uku, mota ta zo. Rana ta biyu ba ta same shi ba sam, an tura su wani gini a Karsana. A ranakun nan biyu takwas-takwas ta tura ofis, Zacharias bai yi ƙorafi ba. Rana ta uku bayan azahar suka zauna a kan benci, aka ci gaba. Kowace amsa ta danna sai ta juya masa wayar ya gani. Sau ɗaya ya gyara mata: ta sa yana aika saƙo gida duk mako, ya ce duk mako biyu ne.

A tsakiyar hirar ya tambaye ta, "Wai idan an gama tattarawa, me za a yi da shi?"

A horon da aka ba su akwai amsar da aka koya musu, cewa za a yi amfani da shi wajen inganta rayuwar ma'aikata. Ta fara faɗa, sai ta tsaya.

"Za a rubuta rahoto, a kai wa waɗanda suka sa a yi binciken. Abin da za su yi da shi, ban sani ba, Malam."

Ya gyaɗa kai. "To, ci gaba."

Tambaya ta sittin da biyu ba ta da zaɓi, rubutawa ake yi: wane abu guda ne za ka fi so a gyara? Tun kafin ta gama karantawa ta riga ta ji a ranta abin da zai ce, a buɗe makarantarsa. Ta riƙe yatsanta sama da wayar ba ta taɓa ba.

Ya dubi layin. "Famfo," in ji shi. "A nan ƙarshen layi. In mun gama sauke rodi ko siminti, sai mun je har bayan masallaci kafin mu wanke hannu, kuma wanda ya yanke a hannu ba ya iya jira. Da safar hannu mai kauri, in za a samu."

"Abu guda aka ce."

"To famfo."

"Makarantar fa?" Tambayar ba ta cikin fom, ta fito ne kawai.

"Waɗanda suka aiko ki kasuwa suka aiko ki. Ba su da iko da dajin Zamfara. Rubuta famfo."

Ta rubuta, ta nuna masa. Ya ce a ƙara "a ƙarshen layin rodi" don kada a kai wani wuri. Ta ƙara. Sabis ba shi da ƙarfi a cikin rumfar, sai ta fita bakin hanya ta ɗaga wayar har alamar ta nuna fom ɗin ya tafi.

Kafin a kammala binciken, ofis ya ƙara tambaya ɗaya a bayan lambar waya: lambar taka ce ko ta wani? A kasuwannin da suka rage, kusan mutum ɗaya cikin uku ya ce ta wani ce. Da rahoton ya fito a watan Yuli, Madam Elizabeth ta nuna wa rukunin wani shafi a taron ƙarshe. Cikin 'yan dako dubu huɗu da aka tambaya, tamanin da huɗu suna da takardar gaba da sakandare. Ba ta ambaci sunan kowa ba.

Rumasa'u ta tafi Bwari a ƙarƙashin Kubra, ta yi wata biyu tana bin gidajen manoma da tambayoyi a kan iri da taki. A watan Satumba mijin yayarta ya aike ta Dei-Dei ta tambayo masa farashin kwanon rufi, sai ta biya ta layin rodi. Baba Uthman yana nan a bencinsa. Ya ce Maharazu ya je Gusau, ɗiyarsa ce ba lafiya, amma ta samu sauƙi, ana sa ran dawowarsa ranar Juma'a. Ya ce wasu mutum biyu sun zo a watan jiya da farar mota, sun auna ƙarshen layin da igiyar awo, sun ɗauki hoto, sun tafi.

"Sun ce yaushe za su dawo?"

"Ba su ce ba, ni kuma ban tambaya ba. Ki gaida Madam."